Kwana Biyu a Sama

Yayana mai aski ne, kuma tun da ɗansa tilo ya tafi aiki wata ƙasa, bai ƙara iya zama wuri ɗaya ba. Shagonsa na manne da nawa na ɗinki, katako ne kawai tsakaninmu, ko tari ya yi ina ji. Ga mu kuma a ƙarƙashin hanyar jirage. Da ya ji rugugi sai ya bar kan mutum rabi da gashi, ya fito da kilifa a hannu yana ɗaga kai sama. Na ce, "Yaya, in ma yana ciki, ta taga zai diro maka?" Ya ce in ji da zarena.

Duk wanda ya tambayi labarin yaron, amsa ɗaya ce. Sai ya nuna tsohuwar taswirar da ke gefen madubi ya ce, "Kar ka ga kamar kusa ne a takarda. Kwana biyu cur ake yi a sama! Wa zai iya wannan wahala kullum?" In matarsa ta kawo abinci, har gishiri yake ƙara wa nisan. Ita kuwa ta ce Allah ya tsare, ta kwashe kwanuka.

Ni abin yana ci mini rai, wallahi. Shekara da shekaru ba abin da ake samu sai "ina nan tafe", wayar ma sai ya ga dama. Amma wa ya isa ya faɗa? Wannan nisan shi ne kaɗai uzurin da ya rage wa yaron.

Ran nan wani ɗan kasuwa, baƙo, ya zauna a kujera, Yaya ya fara karatun nasa. Mutumin ya kwashe da dariya. "Haba Baba, wa ya faɗa maka? Jiya na dawo daga can. A can na karya kumallo, a gidana na ci abincin rana. Ko barcin kirki ban yi a jirgin ba."

Kilifa ta tsaya. Ni ma ƙafata ta tsaya a kan keken ɗinki. Sai na ji Yaya ya ce, "Sunkuyar da kai," ya ƙarasa askin tsaf, ya kakkaɓe masa wuya.

Da baƙon ya fita, ya shiga kai da komo. Ya share inda ya riga ya share, ya ninke tawul, ya warware, ya sake ninkewa. Can sai ga shi a ƙofata.

"Kin ji?"

"Na ji, Yaya. Yi haƙuri."

"Haƙurin me? Kina tsammanin ban sani ba? Tun satin da ya tafi na tambaya." Ya rage murya. "Ke dai kar ki kuskura uwarsa ta ji. In ta san kusa ne, baƙin ciki zai kashe ta."

Tausayi ya kama ni har na soke yatsana da allura. Don kuwa bara, a kan bencin shagona, matarsa ta kama hannuna ta ce ta daɗe da sanin tafiyar ba ta kai wuni ba, amma in rufa mata asiri, kar baban yaron ya ji.

Wani jirgin ya taso. Yaya ya juya ya fita kallo.