Kudaku a Akushin Baba Ranar Layya

Shekarar da haƙoran Baba suka ƙare ina koyarwa a wata lakwal, wato makarantar boko, a Illela, sai hutu nake zuwa gida. Ƙauyenmu yana kusa da Tsarnawa, ba nisa da kwalta. Baba manomi ne, mai son nama, kuma ba abin da ya ƙi jini kamar a tausaya masa. Duk Layya shi ke yanka ragonsa da hannunsa, shi ke nuna inda za a kafa sanduna a kewaye da wuta, a banƙare raguna a kansu su yini suna gasuwa. Gasasshen sai kashegari ake taɓa shi. Ranar Sallah hanta da kayan ciki ake ci, kuma shi ke fara sa hannu.

A Layyar da ta gabata na ga abin da ya faru. Ya ɗauki tsoka ya sa a baki, ya daɗe yana juya ta, daga baya ya kau da kai ya fitar a tafin hannu. Ya ce cikinsa ba daɗi, ya miƙa wa jikoki rabonsa. Da Inna ta yayyanka masa nama ƙanana a kwano daban, sai ya maido da kwanon yadda aka kai shi.

"Ni jinjiri ne?" Abin da ya faɗa ke nan. Daga ranar ba wanda ya sake tayar da zancen.

Matar yayana ba ta daɗe a gidan ba, goyon fari ne a bayanta. 'Yar wajen Tajaye ce, doguwa, marar yawan magana. A hannun kakarta ta tashi, ita ta yi jinyar tsohuwar har ta rasu. Tsakaninta da Baba kunya ce irin ta surukai. In ya shigo takan durƙusa ta sunkuyar da kai, gaisuwar ma da ƙyar ake jin ta. Ni kuwa wasa muke, tana kirana Malama don tsokana.

Sallar wannan shekarar ta faɗo a bazara, zafi kamar ya dafa mutum. An dawo daga idi, an yi yanka, an kunna itace a tsakar gida. Ina wanke hanji sai ta ɗan taɓa ni.

"Malama, taho ki kama mini wani abu."

A bayan rumbu ta nuna mini buhu da kudaku a ciki, wato dankalin nan mai zaƙi, mai jan ɓawo da farin ciki. Ashe tun kasuwar da ta wuce ta sa yayana ya sayo mata a Konni, ta shanya shi a inuwa don ruwansa ya ragu, zaƙin ya taru. Muka jawo buhun zuwa bakin wuta.

Gwaggo, yayar Baba, tana zaune tana kasa nama. Da ta gani sai ta ajiye wuƙa.

"Mi nika gani haka? Kudaku ranar Sallah?"

"Eh, Gwaggo, ɗan kaɗan za a yi a haɗa da tuwo."

"Ga raguna tsaye, ga shinkafa, ki kawo muna abincin yunwa? Baƙi su ce mun tsiyace?"

Matar yaya ba ta ja da ita ba. Ta sunkuyar da kai ta ce, "In bai yi ba, Gwaggo, sai a bai wa yara." Inna ta dube ta, ta dubi buhun, sannan ta ce a bar yarinya ta yi abinta. Ina jin Inna ce ta fara ganewa. Ni dai a lokacin ban gane komai ba.

Ba ta dafa shi da ruwa ba. Ta jira itacen ya ci ya zama rushi, ta ja tokar mai zafi gefe da guntun tasa, ta binne kudakun a ciki, manya a tsakiya, ƙanana a baki. Ta ɗauko tsohon kwanon sha ta ajiye ƙarƙashin ragon Baba, inda kitse ke narkewa yana ɗiga. Zufa na zuba mata, jariri na kuka a baya, tana jijjiga shi tana juya kudaku da sanda. Ba ta soka shi don ta ji ko ya nuna. Matsa shi take da yatsa ta cikin tsumma, in ya lotsa ta fitar.

Muka zauna ɓarewa. Ɓawon na saɓulewa da kansa, tururi na ƙona mana yatsu. Duk wanda ke da jijiya a ciki sai ta tsaga shi ta zare jijiyar ɗaya bayan ɗaya.

"Wannan wahalar fa? Wa zai lura da ɗan zare?" na tambaye ta.

"Wanda ba shi da abin taunawa zai lura," ta ce, ba ta ko ɗago kai ba.

Sai a nan na fahimta. Na ce mata to me ya sa za ta yi mai yawa haka, ai ɗan kwano ɗaya ya ishi Baba.

"In nashi ne shi kaɗai, ba ya ci. Kakata ma haka take. Sai kowa na ci, sannan."

Ta soya albasa a cikin kitsen da ya taru har ta narke, ta sa gishiri da tonka, wato barkono, kaɗan, don yaji na damun dasashi. Ta roƙi Inna ɓarin hanta da wata tsoka mai taushi, ta dafa su har suka yi laushi, ta daka a ƙaramin turmi sai da suka zama kamar dambu. Kudakun ba ta kirɓa shi ya koma tuwo ba, murmushe shi ta yi da bayan ludayi, ta bar shi da ɗan jiki. Ta juye komai a tukunya ta gauraya. Ta ɗanɗana, ta ɓata fuska, ta ce zaƙi ya yi yawa, namiji zai ce alewa aka ba shi. Ta jiƙa tsamiya ta tsiyaya ruwan kaɗan, ta sake ɗanɗanawa. A ƙarshe ta zuba man shanun da wata Bafillatana ke kawo wa Inna, ƙamshi ya tashi har Gwaggo ta waiwayo.

Bayan la'asar maza suka taru a rumfar Baba: shi da ƙanensa da yayyena. Ni na kai abinci. Tuwon shinkafa da miya, soyayyen kayan ciki, sai babban akushi na kudaku a tsakiya. Matar yaya ta ja mini kunne kada in ajiye shi gaban Baba, in sa shi inda hannun kowa zai kai. Na koma gefe da butar ruwa.

Baba ƙarami ne ya fara yankar loma, ya ce, "Kai! Wanga mi ne haka?" Yayana, wanda matarsa ta riga ta kitsa masa, ya sa hannu yana ci kamar bai ga nama ba. Baba ya kalle su, ya ɗebi kaɗan a yatsu, ya sa a baki. Ya sake ɗiba, wannan karon loma sosai. Ya ci har ya yi gumi, ya cire hula ya ajiye a gwiwa. Rabon da in ga ya ci abinci haka na manta.

Da ya wanke hannu ya ce, "Wa ya yi wanga?"

Na ce matar yaya ce.

"Akwai hanta ciki."

"Akwai, Baba."

Ya daɗe yana kallon wajen madafa. Ya san dalili, na ga haka a fuskarsa, kuma na ji tsoron kada ransa ya ɓaci. Sai ya ce, "Ki ce mata Allah shi yi albarka. Allah shi jiƙan wadda ta rene ta."

Da na kai mata saƙon tana kankare tukunya. Ta rufe fuska da gefen zane ta ce in daina mata ba'a. Gwaggo kuwa tana gefe da ɗan kwanonta, tana ci tana cewa gishiri ya ɗan yi kaɗan.

Kashegari da hantsi, ana sassare gasassun raguna don rabo, Baba ya kira ni ya tambaya ko kudakun ya saura. Na ce akwai ɗanye a buhu. Ya ce a roƙi yarinyar ta sake yi, in ba zai zame mata wahala ba. Ta yi, har ta ƙara da tsokar gashi. Ya sa aka rufe akushin da faifai, ya ɗauki sandarsa, ya ce in biyo shi da shi. Muka ratsa gari zuwa gidan wani abokinsa tun na ƙuruciya, tsohon mai amalanken jaki, wanda shi ma bakinsa ba ko haƙori ɗaya. Suka gaisa, Baba ya zauna a tabarma ya buɗe faifan da kansa.

"Matso mu ci," ya ce. "Surukata ta yi."