San Huɗar Baba da Saniyar Surukinsa

Lokacin da nake malamin dabbobi a Faskari, kafin a sami mulkin kai, likita ba ya zuwa mana sai jefi-jefi. Ranar kasuwa yake sauka da ɗalibansa na makarantar koyon aikin, kuma da an kira azahar zai rufe akwati ya nufi Kankara. Aikina shi ne in tace dabbobin tun kafin ya iso. Wadda ta fi ƙarfina in shafa mata shuni a ƙaho, ita zai duba. Wadda ta fi ƙarfinsa shi ma, ya tura ta babban asibiti. Ba kowa ke samun shuni ba, na kuwa sha harara a kan haka.

Wata shekara gab da faɗuwar damina, wani dattijo daga Ruwan Godiya, wanda muke kira Baba, ya kawo san huɗarsa. Wuyan ya kumbura daidai inda karkiya ke zama, har ya fara ruwa. Shanunsa biyu ne kacal, sa ɗaya kuwa ba ya jan garma. In ba a tsaga kumburin ba, gonar Baba ta bana sai dai ciyawa ta ci. Na shafa masa shuni ban ko yi shawara ba.

Ranar da likita ya zo, layi ya yi tsawo har da mutanen Sabuwa. Rana ta take, ɗalibai sun fara wanke kayan aiki, likita ya ce dabba ɗaya zai ƙara gani. Masu shuni biyu suka rage: san Baba, da wata saniya mai ciwon hantsa a hannun wani matashin magidanci. Na ce Baba ya matso, shi ne a gaba. Ya ƙi motsi. Na yafito magidancin, shi ma ya durƙusa ya sunkuyar da kai.

Wani makiyayi ya raɗa mini: "Malam, ai surukinai ne. Ɗiyar Baba yake aure."

Nan na gane. Yaron ba zai shiga gaban surukinsa ba ko za a yanka shi. Baba kuma ba zai tsallake saniyar da jikokinsa ke shan nononta ba. Ga su nan, ba mai kallon wani, likita yana ta duba agogo. Raina ya ɓaci, don ni mai saurin fushi ne tun ina yaro.

Na ce, "Baba, kunya ba ta huɗa fa! Motar likita za ta tashi."

Ya ce a hankali, yana kallon ƙasa, "Malam, a bari yaron shi shiga. Akwai ƙanana a gidan."

Yaron ya miƙe, ya ɗebi ƙasa ya goge shunin da ke ƙahon saniyarsa, ya ja igiya ya bi hanyar gida ba waiwaye. Baba ya rasa wanda zai yi wa kara. Haka aka kayar da san, aka tsaga, aka wanke, shi kuwa yana riƙe da kan dabbar, idonsa na kan hanya.

Saniyar na bi ta har gida na yi iya abin da na sani. Ta rayu, amma nonon ya ƙafe. Abin ya daɗe yana yi mini ciwo.

Da ruwan shuka ya sauka na je Ruwan Godiya duba wuyan san. Na tarar da gonar Baba ko kunya ɗaya ba a ja ba. Na tambayi matarsa ko ciwon ne ya dawo. Ta yi dariya ta nuna mini gabas. Can na hango shi a bayan garma, shanu biyu suna tafe, yana huɗe gonar mijin 'yarsa. Mai gonar kuwa yana tsaye nesa a gindin ɗorawa, ya rasa bakin da zai yi masa sannu.