Ni da Yayana a Layi Ɗaya

Kamfanin da nake wa aiki a Damagaram yana sayen wake da riɗi, yana da rassa a Mirriya da Takieta, kuma kowane reshe da irin yadda yake ajiye bayanan ma'aikatansa. Darekta ya gaji da buga waya duk lokacin da yake son sanin wa ke aiki ina, sai ya ce in haɗa komai a rumbun bayanai ɗaya, wanda za a buɗe daga kowace ordinata, wato kwamfuta.

Na ji daɗin aikin, har da ɗan cika baki. Na tsara doka: duk inda suna da ranar haihuwa da lambar takardar haihuwa suka zo ɗaya, to mutum ɗaya ne, a haɗe su. Dokar ta yi kyau ƙwarai. Na manta da gidanmu ne kawai.

Ranar gwaji, shugabannin rassa sun cika biro, wato ofishinmu, darekta ya ce in fara da kaina. Na buga sunana. Allo ya nuno mutum ɗaya mai aiki biyu: mai kula da bayanai a Damagaram, mai gadin magaza, ɗakin ajiyar kaya, a Takieta. Aka yi dariya. Ni kuwa na ji kamar an tuɓe mini riga a kasuwa.

Mai gadin yayana ne, kuma sunan nasa ne. Shi aka yi wa takarda da aka haife shi, ni ba a yi mini ba. Da lokacin sa ni lakol, wato makarantar boko, ya zo, shi yana gona a Dakusa, sai baba ya kai ni da takardar yayan nawa. Da ita na yi duk karatuna. Shi ma da ya girma ya ciro kwafinta ya nemi aiki.

Darekta ya daina dariya. "Ɗaya na jabu ne. A dakatar da mai gadin har mu gani."

Ba wanda ya ko kalle ni da zargi, kuma wannan ya fi komai ƙona ni. Bayan an watse na bi shi ofis na faɗa masa gaskiya, ina kallon ƙasa. Ya ce shi ba ruwansa da tarihin gidanmu, rumbu dai ba ya ɗaukar mutum biyu da takarda ɗaya. Dole ɗayanmu ya canza.

Na hau mota zuwa Takieta. Na tarar da Yaya a bakin magaza yana ɗinkin buhu, ko da yake an ce ya tafi gida.

"Yaya, ni zan canza. Sunanka ne."

"Da difilominka duka? Kar ka zama sakarai mana. Ni me ke rubuce a kaina?"

Ya je kotu da shaidu biyu aka yi masa sabuwar takarda. Da aka tambaye shi suna, sai ya ba da wanda aka raɗa mini ranar suna, tunda ba mai amfani da shi, da shekarar da aka haife ni.

Ni na shigar da shi rumbun da hannuna, aka mayar da shi bakin aiki. Yanzu duk wanda ya buɗe ordinata zai ga ni ne babba. Da salla kuwa na je gida na durƙusa gaishe shi, ya ce in tashi, ba a durƙusa wa ƙane. Shi kaɗai ya yi dariya.