Ranar da Kogin Nilu Ya Gajarta a Isa

Edita, ina yi maka sallama, kai da masu karatu. Ni mutumin Kurawa ne ta ƙasar Sabon Birni, kuma lokacin da nake sakandare ban iya komai ba sai amsa tambaya. Ƙwallo ba ta san ni ba. Noma kuwa, mahaifina ya taɓa duban kunyar da na ja, ya ce ko maciji ya fi ni tafiya a miƙe. Amma in anka tsayar da ni gaban lasifika a gasar kacici-kacici, kafin alƙali ya ƙare tambaya hannuna na sama. Na san manyan biranen ƙasashen da har in mutu ba za ni taka su ba. Na je Sakkwato da sunan makarantarmu, na dawo da kofi da girman kai. Kofin ya yi tsatsa tuni, girman kan ne ya daɗe.

Da na zama malami a Isa, sai kwamitin da ke shirya gasa tsakanin makarantun Isa da na Sabon Birni ya naɗa ni mai tace tambayoyi. Kowace makaranta ta aiko nata, ni kuwa in zauna in tankaɗe: mai amsa biyu in jefar, wadda amsarta ta tsufa in gyara, wadda malami ya rubuta don ɗalibinsa kaɗai ya san ta in maida masa abarsa. Malamai sun tsane ni, ni kuma abin ya yi mini daɗi. Tambaya ɗaya ce ba ta bi ta hannuna. Al'adar gasar ce, tun kafin zuwana, a bar wa babban baƙo tambayar ƙarshe, ya yi ta daga kansa, kuma makinta ya fi na kowace. Na taɓa cewa a riƙa nuna mini ita tukuna, sai shugaban kwamiti ya ce ba a binciken aljihun baƙo. Wanga shugaba tsohon malamina ne, shi ya koya mini labarin ƙasa, da alli a hannun dama da bulala a hagu. Na ɗauka baƙi ba za su wuce tambayar yawan jihohi ko raka'o'in salla ba, kamar yadda sunka saba.

A shekarar da nake ba ku labari akwai wata ɗiya daga Kamarawa a makarantarmu. Tun da nake wagga sana'a ban ga kai irin nata ba. Ba hadda take yi ba, fahimta take, in ba ta sani ba kuma sai ta ce ba ta sani ba, abin da manya da yawa ba su kai ga iyawa ba. Ƙungiyar da ta ci gasa ita ke zuwa Sakkwato, can kuma ake ganin yara har a ɗauki nauyin karatunsu. Mahaifinta manomi ne mai 'yan shanu, kuma da yadda hanyoyinmu sunka koma ba ya son ɗiyarsa cikin mota. Ni na bi shi har gona na lallashe shi. Na ce masa wannan fage ne da ba a duban ɗan wa kake, wanda ya sani shi ke ci. Ya dube ni ya ce in haka ne ya yarda, don bai taɓa ganin irin wurin ba, yana son ya gani.

Ya ko gani. Ranar ƙarshe ya zo ya tsaya can bayan zaure da sandarsa. Babban baƙo wani Alhaji ne da ya yi arziki da fataucin albasa zuwa Ikko, ya kuma yi alkawarin sake rufin zauren da muke ciki. Makarantarmu da wata ta Sabon Birni sunka yi kunnen doki, sai anka miƙa masa lasifika. Ya gyara babbar riga, ya yi mana tarihin kansa har yara sunka fara hamma, sannan ya tambayi wane kogi ne ya fi kowane tsawo a Afirka. Na sauke ajiyar zuciya. Ɗiyar nan ta miƙe a natse ta ce Nilu. Alhaji ya yi murmushi irin na mai tausayi, ya ce ta yi ƙoƙari amma ta faɗi.

Ka'ida ita ce in ƙungiya ta faɗi a miƙa wa abokiyar karawarta. Yaron da ke jagorantar 'yan Sabon Birni ya san amsar sarai, don ni da kaina na taɓa yi masa wannan tambaya a zagayen farko na wata shekara. Ya dubi Alhaji, ya dubi kofi, ya ce Kwara. Alhaji ya ce madalla. Ya ƙara da hujja, wai shi ya ga Kwara a Yamai, ya gan shi a Yawuri, ya ƙetare shi a Jebba, ya sake tarar da shi a Lakwaja bai ƙare ba. Nilu kuwa ya leƙa shi ta tagar jirgi a hanyar Makka, bai fi zaren ɗinki ba. Manyan baƙi sunka yi ta gyaɗa kai. A jeren gaba akwai masu digiri fiye da yatsun hannu, kowannensu sai ya gano cewa takalminsa na bukatar kallo.

Na miƙe na ce, ranka shi daɗe, amsar ɗiyar nan ita ce daidai. Da zauren ya yi tsit, da wataƙila an gyara. Sai ɗalibai sunka ɓarke da tafi da sowa, wannan tafin kuwa shi ya kashe maganar. Shugaban kwamiti ya karɓe lasifika ya ce mini, yaro, zauna. Ya sanar cewa tambayar baƙo amsarta na wurin baƙo. Mutumin da ya taɓa zane ni a aji biyu don na manta sunan Nilu, shi ne ya miƙa kofi a kan Kwara.

Bayan kwanaki ya aiko kirana. Ya ce na kunyata baƙo cikin jama'a, rufin zaure na neman tafiya, dole in bi shi mu ba da haƙuri. Ya ce in na kwantar da kai, Alhaji mutum ne mai kyauta, zai iya sa a tafi da ƙungiyoyin biyu Sakkwato. Don wannan na je. Munka zauna ƙasa a zauren Alhaji, yaransa na kallona suna ƙunshe dariya, ɗaya har yana tambayata ko na zo da igiyar awon kogin. Alhaji ya ce ya yafe, 'yan boko ba laifinsu ba ne, takarda sunka sani, ba su san duniya ba. Sannan ya ce, to Malam, yanzu wane kogi ne? Na tuna da ɗiyar nan. Na ce, ranka shi daɗe, a wanga gida Kwara ne. Ya yi dariya har da tafa hannu, ya sa anka kawo mana fura.

Furar ce kaɗai abin da na samo. Ba a tafi da ita Sakkwato ba, ba wanda ya sake tada maganar. Anka gode mini bisa hidima, anka ba wani malami mai sauƙin kai aikin tacewa. Rufin zaure kuwa, har yau in ana ruwa sai an jera bokitai. Na koma Kamarawa in yi wa mahaifinta bayani, ya tare ni da fara'a, ya shimfiɗa mini tabarma, ya ce ba sai na wahala ba, ai yana wurin. Ya ce shi bai san Nilu ba bai san Kwara ba, amma ya san fuskar mutanen da sunka san gaskiya sunka yi shiru, yana ganin irinta a kasuwar shanu. Ɗiyar ta ƙare makaranta, ba ta sake ɗaga hannu a aji ba. In ta gamu da ni takan durƙusa ta gaishe ni da ladabi, ladabin da na fi son a zage ni da shi.

Abin da na koya ba mai yawa ba ne. Na ɓata shekaru ina tace tambayoyin ƙananan malamai, na bar ta mai babbar riga ta wuce don kunya, alhali ita kaɗai ke iya kashe gasa. Ku masu shirya wa yara irin wannan fage, ku ba babban baƙo kujera mai laushi, ku ba shi lemo, ku bar shi ya yi jawabi har la'asar, amma kada ku ba shi maki ya raba. In kuma ba za ku iya hana shi ba, to kada ku bi manomi har gonarsa kuna rantse masa cewa wanda ya sani shi ke ci. Yara suna kallo, kuma sun fi mu saurin ɗaukar darasi. Shekarar da ta biyo baya na tara 'yan ajina za ni fara yi musu horon gasa, na buɗe taswira a kan allo. Wani yaro ya ɗaga hannu, da gaskiyarsa ba da tsiwa ba, ya ce Malam, kafin mu wahala, wa zai zama babban baƙo bana, kuma waɗanne koguna ya taɓa ƙetarewa? Ni da ban taɓa rasa amsa a gaban jama'a ba, sai na naɗe taswirata.