Takalmin da Baba Ya Raba Wa Mutum Biyu

Babana ba ya fara kallon fuskar mutum, ƙasa yake fara kallo. Idan ka zo rumfarsa da ke bakin tashar mota, kafin ka gama sallama ya riga ya san ko kana jan ƙafa, ko kana take bayan takalmi, ko kuwa kana cikin mutanen nan da ba sa shafa wa fata mai sai ta tsage. Sai ya karɓi takalmin, ya juya shi, ya dubi dunduniyar, ya hau faɗa: "Haka ake tafiya? Wa ya koya maka?" Na sha ganin dattawa da furfurarsu sun tsaya a gabansa, ƙafa ɗaya a kan kwali, suna ba shi haƙuri. Mu 'yan gida kuwa ba a magana. Ni dai tun ina ƙarama a bayan ƙofa nake ɓoye takalmana.

Yawancin aikinsa gyara ne: liƙi da gam, ɗinki da basilla, sauya tafin takalmi idan ya cinye. Bai cika yin sabo ba, sai dai wa mutum ɗaya, wato yayana, wanda kowa ke kira Dogo. Ƙafar Yaya ta fi ƙarfin kasuwa. Tun yana saurayi masu shaguna suka daina wahalar da kansu, da sun hango shi sai su ce ya wuce gaba. Don haka duk lokacin da nasa ya mutu, Baba ne ke shimfiɗa kwali a ƙasa, ya sa shi ya taka, ya zagaye ƙafafun da fensir yana mitar cewa fatar da za ta ishi mutum biyu ce ke tafiya a kan mutum ɗaya. Yaya gyaran wutar lantarki yake yi, kullum yana kan tsani, kuma Umma takan ce ba ta ga amfanin tsanin ba ga mai irin wannan tsawo.

Wata rana da safe ne bam ya tashi a tashar, lokacin da motoci ke lodi. Rumfar Baba tana can ƙofar baya, shi ya sa ya tsira, sai dai kunnensa na hagu da bai ƙara ji da shi sosai ba. Bai taɓa ba mu labarin gawawwakin ba. Abu ɗaya kawai ya faɗa wa Umma, ni kuma na ji ta bayan labule: wai da hayaƙin ya lafa, filin tashar cike yake da takalma a warwatse, kuma da yawansu ya gane su, don ɗinkinsa ne a jiki. Ya san mai kowanne, ya san yadda yake taka ƙasa.

Mun yi kuka tare da duk garin. Ba mu san namu kason yana hanya ba.

Bayan 'yan kwanaki aka ce waɗanda suka kai harin a unguwarmu suka kama ɗakin haya. Wataƙila gaskiya ne, ni ban sani ba, kuma har yau ban ga wanda ya sani ba. Sojoji suka tare duk hanyoyin shiga, suka bi gida gida. Suka kwashi maza a manyan motoci, har da mai gasa burodin layinmu da 'ya'yan maƙwabciyarmu guda biyu. Jerin shagunan bakin titi ya ƙone. Yaya ya fita ne ya shigo da tsaninsa da ya bari a ƙofar gida, don kada a ce da shi aka hau wani wuri. Harsashi ya same shi a gwiwar dama. Ba a barin kowa ya fita, sai muka ɗaure ƙafar da zanin Umma muka zauna muna kallonsa. Kafin a buɗe hanya ƙafar ta lalace, a asibiti ba su da abin yi sai yankewa.

Wannan abin har yanzu yana min zafi, kuma ba zan ɓoye ba. Duk shekara ana taruwa a tasha a tuna da waɗanda bam ya kashe, kuma sun cancanta. Amma ba a taɓa ambaton mai burodi ba, wanda har yau bai dawo ba. 'Ya'yan maƙwabciyarmu ɗaya ne ya dawo. Idan muka je kasuwa muka faɗi unguwar da muka fito, sai mai kaya ya daina fara'a.

Da Yaya ya dawo gida sai ya shiga ɗakin ƙurya ya zauna. Sandunan da aka ba shi a asibiti suna jingine a bango, ƙura na hawansu. Banɗaki kawai ke fitar da shi, shi ma sai ya tabbata babu baƙo a tsakar gida. Mutumin da dariyarsa ke tashin jarirai ya koma sai ka yi tambaya sau uku kafin ya ce "uhm". Umma ta yi lallashi, ta yi faɗa, ta yi kuka. Watanni suka wuce, muka fara jin tsoron cewa a ɗakin nan zai ƙare.

Baba ba ya iya lallashi. Abin da ya iya shi ya yi. Ya ɗauko tsohon kwalin da ke da zanen ƙafafun Yaya, ya zaɓi fata mai kyau, baƙa, ya yi kwanaki yana aiki a kai. Ya zo gida da abin a leda, yana ta ƙoƙarin ɓoye murmushi, ya shiga ɗakin ya ajiye a gaban katifa. Ina tsaye a bakin ƙofa. Sai da ya jera su a ƙasa, dama da hagu, sannan ya ga abin da ya yi. Hannunsa ya saba da biyu, biyun ya yanka, biyun ya ɗinka, kuma duk tsawon kwanakin nan tunanin bai zo masa ba.

Yaya ya dubi takalman, ya ce, "Na gode, Baba." Ya juya fuskarsa bango.

Baba ya sunkuya ya ɗauke na hagun, ya fita da shi a hammata kamar wanda ya yi sata. Ranar bai ci abinci ba. Takalmin ya koma rumfa, can saman kanta, bayan gwangwanayen gam.

Akwai wani mutum a tashar da ake kira Direba, ko da yake tashar cike take da direbobi. Ƙato ne, mai murya kamar injin motarsa. Bam ɗin ya cire masa ƙafar hagu, ya kuma kashe matarsa, wadda ta rako shi da safen nan za ta bi motarsa zuwa wajen 'yan'uwanta. Kowa ya san abin da ya faɗa a teburin mai shayi bayan ya fito asibiti: cewa sojoji sun yi sassauci, da shi ne da ya share unguwarmu har tushe. Maganar ta iso gidanmu kafin yamma.

To, ina jin kun ga matsalar. Direba ƙafar hagu ya rasa, ta dama ce ta rage masa, irin ta Yaya kenan a juye: Yaya ta hagu ce ta rage. Baba a ruɗewarsa ranar nan, na hagun ya ɗauke, wanda shi ne Yaya ke buƙata, ya bar masa na ƙafar da babu. Ni na gano haka ina shara, na ɗauki na damar na kai rumfa na musanyo, ban ce wa kowa komai ba. Da Baba ya lura sai ya dafe kai kawai. Na hagun ya zauna a gefen katifar Yaya, na damar ya hau kantar rumfa.

Wata rana Direba ya zo rumfar a kan sandunansa, da wani silifas da ya tsinke, rabin dunduniyarsa a waje. Shi ma kasuwa ba ta da girman ƙafarsa. Ina wurin, na kawo wa Baba abinci, kuma na so ya kore shi. Baba ya dubi ƙafar ya daɗe. Sai ya miƙe, ya ture gwangwanayen gam, ya sauko da baƙin takalmin.

"Sa wannan mu gani."

Ya shiga kamar don shi aka yi. Direba ya buga shi a ƙasa, ya ce, "Ina ɗan'uwansa?"

"Yana gida wajen ɗana. Sojoji suka harbe shi a ƙofar gidanmu."

Direba ya dubi takalmin. Na zaci zai cire ya jefar. Ya tsaya yana kallon ƙasa, sannan ya juya ya tafi da takalmin a ƙafarsa. A hanyar gida na yi wa Baba rashin kunyar da ban taɓa yi ba. Ya ce shi da kunnen hagu yake saurarona.

Mai ƙafa ɗaya yana cin takalmi da sauri, don duk nauyin jiki a kansa yake sauka. Kafin shekara ta zagayo Direba ya dawo, tafin ya huje, ya ce a yi masa sabo.

"Ba na yanka ɗaya," in ji Baba. "Fata biyu-biyu ake yanka ta. Kuma ba na yanka sai na auna. Ka kawo min ɗaya ƙafar."

"Wace ƙafar kuma, tsoho? Ka san inda tawa take."

"Wadda aka yi wa ɗan'uwan wannan. Tana gida, ba ta fitowa. Ni na gaji, ka gwada naka."

Da na ba Umma labari sai ta riƙe baki. Ta ce ita da idonta ta ga Baba ya yi wa wata tsohuwa takalmi ƙafa ɗaya ba a daɗe ba. Wannan doka dai a ranar aka haife ta.

Direba ya zo. Ya shigo unguwar da ya ce a share, yana dogara sanduna, mutane na leƙe ta tagogi. Umma ta amsa sallamarsa ciki-ciki, amma ta ba shi kujera a bakin ɗakin ƙurya. Ya zauna ya yi magana da labule.

"Dogo, ni ne Direba. Tsohonka ya hana ni takalmi sai ka fito."

Can sai muryar Yaya ta fito, da ƙarfin da muka manta yana da shi.

"Kai ne ka ce a ƙone mu."

"Ni ne."

"To me ya kawo ka?"

"Na faɗa, ba zan ce ban faɗa ba. Lokacin ko mahaifiyata ce a unguwar nan, da na faɗa. Ban san kowa a cikinku ba, kuma ban so in sani ba." Ya share gumi da hularsa. "Yanzu kusan shekara guda kenan ina yawo da takalminka. Kullum na sunkuya zan sa shi sai na tuna akwai ɗayan."

Yaya bai fito ba. Direba ya tafi, na ce shi kenan. Amma mutumin nan taurin kansa ya kusa na Baba. Ya dawo, ya sake dawowa. Ya daina zancen takalmi. Sai ya riƙa ba labule labarin yadda ya faɗi a banɗakin tasha yaran mota suka ɗaga shi, da yadda ake hawa matakala, sanda kafin ƙafa. Wata rana ya ce, "Kai ma tana maka ƙaiƙayi? Wadda babu ɗin?"

Muka ji Yaya ya ce, "A tsakanin yatsu."

"Ni a dunduniya. Har sosa katifa nake yi kamar mahaukaci."

Sai dariya ta fito daga ɗakin, gajera, a shaƙe. Umma tana wanke-wanke, ta ajiye kwanon a hankali ta shige ɗakinta.

Ba a ranar ya fito ba, sai bayan wani lokaci, da safe, ba tare da ya sanar da kowa ba. Na ga labule ya ɗaga, ga Yaya a tsaye kansa na neman taɓa saman ƙofa, baƙin takalmin a ƙafarsa, sabo fil. Direba ya zo kamar yadda ya saba, suka fita tare, na bi bayansu har tasha. Tafiyar ta yi tsawo, ya tsaya hutawa sau da yawa, Direba na masa tsiya cewa kunkuru ya fi shi. Baba ya hango su tun daga nesa. Bai miƙe ba, bai ce sannu ba. Ya jawo sabon kwali ya shimfiɗa.

"Ku taka. Kai nan, kai nan. Ku matso, kwalin ba shi da faɗi."

Suka tsaya kafaɗa da kafaɗa, kowa ya dafa ɗan'uwansa don kada ya faɗi. Baba ya durƙusa da fensir. Layin ya ɗan karkace wajen babban yatsan Yaya, ya goge ya sake.

Ba komai ne ya gyaru ba. Maƙwabciyarmu tana nan tana jiran ɗanta. A taron tasha har yanzu ba a ambaton namu daga kan mumbari, sai dai bara Direba ya tsaya a cikin jama'a ya kira sunan mai burodi da wannan muryar tasa, wasu suka harare shi, wasu suka ce amin. Yaya ba ya hawa tsani, amma ya kafa tebur a gefen rumfar Baba yana gyaran fanka da dutsen guga, kuma yana bin gidaje idan aikin na ƙasa ne. Direba ya koma sayar da tikiti. Kullum suna faɗa a kan wanda ya fi lalata nasa rabin.

Kwanan baya Yaya ya cire takalminsa ya miƙa wa Baba, wai yana shigar da ruwa. Baba ya karɓa ya juya shi. Dunduniyar ta cinye ta gefe guda har ƙusa ta fito, laka ta bushe a cikin ɗinkin. Ya daɗe yana shafa wurin da babban yatsansa. Muka tsaya muna jira.

"Haka ake tafiya?" ya ce. "Wa ya koya maka? Ina ka je haka duk ka cinye shi?"

Yaya ya ce, "Ko'ina, Baba."