Sorayen Kakana a Bakin Korama

Mun tashi da asuba daga Damagaram ranar wata Lahadi, wata biyu bayan ruwan daminar nan da ya kayar da tsohon masallacin Birni, tsohuwar unguwar garin. Mu biyu ne, ni da baffana, ƙanin mahaifina. Shi tsohon maginin ƙasa ne, yanar ido ta kama shi, sai dai ya ga inuwar mutum. Ni ma magini ne, amma na bulo da siminti.

Kakana, mahaifinsu, ya gina soraye uku a gidajen sarauta na garuruwan bakin Korama, duk da ɗaurin guga, wato rufin da ake tayar da baka huɗu daga bango su tanƙwaro su haɗu a tsakiya ba tare da ginshiƙi ba. A zuriyarmu Baffa kaɗai ya rage wanda ya taɓa ɗaura irinsa. Tun da na shiga karatun manya hannuna ya fara faɗawa, nake roƙonsa ya faɗa mini yadda ake ɗaurin in rubuta. Kullum sai ya ce abin ba ya shiga baki, sai mun tsaya ƙarƙashin soro an kankare yaɓe kaɗan, ya ɗora hannuna a kan azara. A cikin Birni kuwa ba mai barinka ka kankare masa soro. Ranar da aka gaya masa masallaci ya faɗi, da la'asar ya ce in an gama girbi mu tafi.

Akwai abin da ban gaya masa ba. Shekara bakwai da suka wuce, ƴaƴan mai garin da ke da soro na uku, waɗanda ke neman kuɗi a Agadas, sun kira ni na yaɓe musu shi da siminti, bango da rufi. Da zuciya ɗaya na yi aikin, ina ganin na ceci aikin kakana. Na san Baffa ba ya shiri da siminti, shi ya sa na yi shiru. Na tsara tafiyar yadda can za mu ƙare, in ya taɓa soron ya ji shi tsaye, sai in ce ni ne.

Daga tasha muka shiga ƙaramar mota zuwa Mirriya, dala ɗari kowa. Ranar kasuwa ce, an cusa mu kamar goro a huhu, buhun albasar wata tsohuwa a kan gwiwata har muka sauka. Muka karya da koko da ƙosai a ƙarƙashin wata tsamiya, muka zauna jiran akori-kurar da za ta mayar da ƴan kasuwa kudu. Direba ya ce yanzu-yanzu. Sai bayan azahar ya tayar da ita.

Da aka bar kwalta sai rairayi da duwatsu, gonakin gero an girbe, kara a tsaye. Can muka gangara cikin kwarin Korama, iska ta canza, ta yi sanyi da ƙanshin laka. Ga rake, ga rogo, ga dabino, amma bana rabin lambunan suna kwance cikin ruwa, raken ya yi rawaya. Baffa ya tambaye ni ko akwai giginya. Na ce ina ganin ɗai-ɗai, kututture ya fi yawa. Ya ce da suna samari, nan suke zuwa saran azara, mutum ba ya ganin rana don yawanta.

Garin farko tsohon birni ne. Ganuwarsa ta narke ta koma dogon tudu, awaki na hawa suna sauka, wani wuri an haƙe ta an yi tubali. Mai gari ya karɓe mu da fara'a da ya ji ko jikan wane ne ni. Da Baffa ya ambaci soro, sai ya miƙe ya ce mu biyo shi. Gidan yana gaɓar korama. Ruwan bana ya ci bangon gabas, soron ya bi shi cikin yini ɗaya. Abin da muka tarar tulin ƙasa ne, har kabewa ta yaɗu a kai. Azarar da aka tsamo an yi rumfar shanu da ita.

Baffa ya durƙusa ya laluba har ya sami tubali guda da bai fashe ba. Ya juya shi a hannu, ya nuna mini wani ɗan rami a gefe, ya ce gurbin babban yatsan mai dunƙulawa ne. Ya mayar da shi inda ya ɗauka. Aka kawo mana fura da dafaffen rogo da ƙuli, muka kwana a zauren mai gari.

Washegari muka bi amalanken wani mai rake zuwa yamma, dala hamsin mu biyu, ya ƙara mana da sanda guda muna sha. Shanun ba sa sauri, mu ma ba mu matsa musu ba. Hanya ta bi bakin ruwa, wani wuri ƙasa ta yi fari fat da kanwa, mata na tattarawa a ƙwarya.

Gari na biyu ya ba ni ƙarfin gwiwa daga nesa, domin zauren gidan sarautar na tsaye da zankayensa huɗu, ga zanen dagi a saman ƙofa, ko da yake ruwa ya lashe rabinsa. Kaurin bangon ya kai kamu uku a gindi, yana sirancewa yana hawa, ga ƴan tagogi can sama inda dā masu tsaro ke leƙen hanya. Muka wuce tsakar gida, na ɗaga kai, sai na ga kwano yana walƙiya a kan soron kakana.

Mai garin, tsoho mai barkwanci, ya ce shekara uku ke nan da sauke rufin. Dā in an gama girbi ana buga ganga, kowace unguwa ta kawo ƙasa, mata su kawo ruwa, a jiƙa ɓawon ɗorawa a yi makuba, a yaɓe gidan sarauta cikin kwana biyu, a ci tuwo a watse. Yanzu ya ce in ya sa an buga gangar, tsofaffi ne ke zuwa su zauna a inuwa suna ba da shawara, samarin duk suna wajen haƙar zinariya. Da rufin ya fara yoyo sai ya ji tsoron kada ya danne mutane.

“Kwanon ba laifi,” in ji shi, “sai dai in ana ruwa dole a ɗage shari'a, don ba mai jin wani. Da zafi kuma masu ƙara da kansu suke shiryawa su fita.”

Baffa ya yi ƴar dariya, ya bi bango da hannu har ya kai inda baka ke tashi. An yanke su da zarto, an shafe wurin. Ba abin da za a koya a nan. Da muka fito ya zauna a dakali yana tari, ya tsokane ni da sunan ɗan makaranta, ya ce, “Ɗan lakwal mai furfura, me ka rubuta zuwa yanzu?”

“Kuɗin mota da sunayen garuruwa, Baffa.”

“To, saura ɗaya.”

Na ce masa in Allah ya yarda na ukun yana nan. Ya tambaye ni ta yaya na sani, na ce jikina ne ya ba ni.

Rana ta uku kabu-kabu biyu muka ɗauka, jika ɗaya da rabi kowane, wato dala ɗari uku, saboda rairayin ya fi ƙarfin amalanke. Na ɗaure Baffa da rawaninsa a bayan mai babur don kada ya zame. Da hantsi muka hango garin, soron yana bisa tudu, fari tas da fenti, ba ko tsaga da ido zai gani. Ban san lokacin da na fara murmushi ba.

Mai gari da dattawansa suka fito tarbarmu. Bayan gaisuwa Baffa ya ce a kai shi bango. Ya ɗora tafin hannu, ya ɗan tsaya, sannan ya ƙwanƙwasa da sandarsa. Bangon ya amsa kamar an bugi ƙwarya. Ya matsa gaba ya sake, haka. Ya zaga har kusurwa, ko'ina haka.

“Wa ya sa wa bangon nan riga?”

Kafin in buɗe baki mai gari ya riga ni, yana murna. “Ai ga shi nan kusa da kai, Malam, ɗanka ne. Sati uku ya yi mana a nan. Allah ya yi masa albarka, yaro mai hannu.”

Baffa bai juyo ba. Ya ce a buɗe ƙofa.

Warin danshi ne ya fara tarbarmu. Ciki da duhu, sai wani haske da ke saukowa daga tsakiyar rufi, inda bai kamata a ga haske ba. Kan gugan, inda baka huɗun ke haɗuwa, ya rufto a daminar nan. An tokare sauran da itatuwan dalbejiya, an share ƙasar an tara a gefe. Mai gari ya ce sun yi mamaki ƙwarai, soro mai siminti, kuma daga waje lafiya lau.

Baffa ya yi musu bayani a hankali, ba tare da ɗaga murya ba. Ya ce bangon ƙasa yana shan ruwa da damina, ya fitar da shi da rani. Siminti kuwa rana na tsaga shi sirara kamar gashi, ruwa ya shiga ta nan, ya rasa hanyar fita, ya zauna yana cin ƙasa da azara. Ya tambaya yaushe rabon da wani ya hau rufin ya duba. Aka dubi juna. Tun da aka yi simintin ba wanda ya hau, don an ɗauka an gama da wannan wahala. Ya tambayi indararo, na ce ni na cire na katakon na sa siririn bututu, don ya fi kyan gani. Na fita na zura kara a ciki, ya toshe da sheƙar tsuntsu.

Da na dawo ya ce in kawo hannuna. A gindin bakan yamma yaɓe ya zube, azara na waje. Ya ɗora yatsuna a kai, ya bi da su ɗaya bayan ɗaya. Ya nuna mini yadda ake binne jerin farko cikin bango, na biyu ya zarce shi da kamu guda yana ɗan sunkuyowa, a ɗaure da igiyar kaba, a danne bayansa da ƙasa, a bari ya bushe kafin a ɗora na uku. Yana faɗa ina rubutawa, ina sa shi maimaitawa saboda hannuna ba ya sauri, bai ƙosa ba. Na cika shafi huɗu.

Saura kai, wanda shi ne sirrin aikin. Aka kawo tsani na hau, Baffa yana ƙasa yana tambayata abin da nake gani. Ba abin gani. Azarar da ta rage a bakin ramin na taɓa ta, ta marmashe a hannuna. Muka tona tarin ƙasar da aka share, sai guntaye baƙaƙe.

Baffa ya ce a ba shi karan dawa. Ya zauna a ƙasa ya karya su, ya fara jerawa yana gicciya su. Ya rushe, ya sake. Sau uku. Daga ƙarshe ya ture karan gefe, ya ce shekara arba'in rabonsa da yi, kuma hannunsa a sama ya san abin, ba a ƙasa ba. Da ya taɓa na mahaifinsa, da ya tuna.

Mai gari ya tambaya ko zai gyaru. Baffa ya ce a ɓamɓare simintin, bangon zai iya rayuwa in ya sha rani ɗaya. Rufin kuwa su nemi kwano.

A bakin ƙofa na ce masa ya gafarce ni. Ya ce, “Ba mugunta ka yi ba. Da dai ka tambaye ni.”

“Tsoron faɗanka na ji, Baffa.”

“Faɗana ai na kwana ɗaya ne.”

Aka yi mana tuwon gero da miyar kuka, har da zabuwa, muka ci don kada a ji ba daɗi. Muka fita ta Droum a bayan motar rake, muka iso Damagaram da la'asar sakaliya. Duk hanya Baffa barci ya yi a kafaɗata, ko kuwa ya rufe ido ne kawai. Na kai shi gida, na zuba masa ruwan alwala.

Abin da tafiyar nan ta koya mini ba shi da yawa. Ginin ƙasa ba ya son a yi masa gyara sau ɗaya a huta, so yake a hau shi kowace shekara. Kuma mai tsoho a gida ya tambaye shi kafin ya kwaɓa siminti. Ƴan uwana magina da za su karanta wannan, in an kira ku irin aikin da aka kira ni, ku ce a'a, ko da kuɗin ya yi kyau. Na yi wa mai gari alkawarin komawa in ɓamɓare abin da na shafa.

Soraye uku muka je nema. Ɗaya korama ta ci, ɗaya zarto ya yanke, ɗaya ni na kashe. Baka goma sha biyu kakana ya ɗaura, ba ko ɗaya da ya kai tsakiya yanzu. Ina da shafi huɗu na yadda ake tayar da ƙafar baka. Na yadda ake haɗa kai ba ni da ko layi ɗaya, kuma ba wanda zan tambaya.