Kofin da ke Ƙofar Gidanmu

A ƙofar gidanmu a unguwar Hajj Yusuf akwai randuna uku a ƙarƙashin darbejiya, da kofin silba ɗaure da sarƙa. Sabil ake ce musu, wato ruwan sadaka na masu wucewa. Inna ta ajiye su ne saboda yayana, wanda motarsu ta lalace a sahara kan hanyar Libiya, ƙishirwa ta kashe shi. Ko gawarsa ba mu gani ba. Duk wanda ya sha, in ji Inna, ladan yana kai masa. Idonta ya yi rauni, don haka kowace yamma sai ta zura hannu cikin randa ta ji inda ruwan ya tsaya. Ranar da ya yi ƙasa sosai, har tsokanar jikoki take yi.

Layinmu shi ne hanyar yanke daga tashar mota zuwa kasuwa, saboda haka kafin la'asar randunan sun kusa ƙarewa.

Sai aka zo aikin magudanar ruwa. Aka haƙa rami a bakin layin, aka jibge tsakuwa a ɗaya bakin, manyan motocin yashi suna ta kai da kawo har bangon ɗaki yana rawa. Kowa da kukansa. Mai shago ya koma korar ƙuda. Matar maƙwabcinmu da naƙuda ta kama, a kan gado aka ɗauke ta zuwa titi, don raksha, keken haya mai ƙafa uku, ba ta shigowa. Dattawan layi suka sa fararen jallabiyoyi suka kai takardar koke, suka dawo da ƙura har gira da alkawarin gobe. Ni ma na yi ta masifa, don bakina ba ya hutu. Masu wucewa kuwa suka canja hanya. Ma'aikatan suna can ƙetaren rami da tankinsu.

Kwana uku Inna tana zura hannu, ruwa na nan a wuyan randa.

"Ya bitti, 'yata," ta ce da ni, "a kai zir ɗin nan bakin zalat, inda mutane suke."

Randunan take nufi a kai bakin kwalta. Wato ni zan riƙa tsallaka ramin a kan wani siririn katako, da bokiti a ka, sawu shida kowace safiya kafin in tafi aiki. Na ce, "To, Inna, bukra in sha Allah." Goben nan irin ta ofis ce.

Abin da na yi, har yau ina jin kunyarsa. Da rana tsaka, in na leƙo gida daga aiki na tarar ta kwanta ƙailula, sai in fito da kwano daga cikin gida in kwashe rabin ruwan in zuba wa darbejiya. Da yamma ta zura hannu, fuskarta ta saki.

"Alhamdu lillahi, ashe ana bi."

"Ana bi mana, Inna," na ce, ko kunya babu.

Ba ta sake maganar bakin kwalta ba. Darbejiya ta yi kore shar, maƙwabta har yaba ta suke yi. Wata biyu muna haka.

Wata yamma na dawo na same ta tsaye gaban randunan, kofin yana hannunta. Ƙishi ne ya kama ta, ta ce bari ta sha daga na ɗanta. Ta zagaya yatsa a cikin kofin ta ɗago mini. Jar ƙura ce ta yi kauri, har da yanar gizo. Na tuna da komai, na manta da kofi.

Na jira faɗa, da ma faɗan ta yi. Sai ta zauna a kan dakali a hankali.

"Shi ya sa," ta ce. "Yana zuwa min a barci, ba ya cewa komai, sai lasar leɓe. Na zaci kewata ce kawai." Ta sake shafa kofin. "Wata biyu ke nan, ya bitti, ko ɗigo bai samu ba."

Washegari na kinkimi randunan zuwa bakin kwalta. Na tsallaka katakon nan kowace safiya har aka rufe ramin, muka dawo da su ƙarƙashin darbejiya. Inna ba ta taɓa tayar da maganar ba, kuma ta ce ta yafe mini tun ban roƙa ba. Amma har ta koma ga Allah ba ta ƙara zura hannu cikin randa ba. Kowace yamma, ina tsaye ina kallo, kofin take shafawa ta ji ko da danshi.